Ranar kwasar adashi: me ya sa littafin ƙarshe ke yawan barin mai karatu da ƙunci?

Tun kafin in yi nisa bara in faɗa, zan fasa ƙwai a rubutun nan, duk wanda ya san yana tsakiyar karanta ɗaya daga cikin littattafan da zan ambata kuma baya son a gaya masa wa ya mutu wa ya tsira, to ya dakata ya gama tukuna sai ya dawo.

Abin ya faro ne a ɗakinmu nan Unguwar Rogo cikin hutun Disambar 2024, lokacin da sanyin Jos ya kai inda ko alwala sai an ɗora ruwa a wuta. An ɗauke wuta, autarmu tana ƙudundune cikin bargo da safa a ƙafa tana haska littafi da fitilar waya, kwana biyu kenan ko tsakar gida bata fitowa sai Umma ta ƙwala mata kira sau uku. Can wajen sha ɗaya na dare sai naji ta rufe littafin, bata ce komai ba, ta jima tana kallon silin, sannan ta ce "Yaya, wallahi an cuce ni." Na ce Auta wa ya cuce ki cikin daren nan? Ta ce "shekara biyar fa Yaya, shekara biyar ina jiran in ga yadda zasu ƙare da juna, ashe ba za su ƙare ɗin ba, wasu aka kawo daban."

Littafin da take magana shine na uku kuma na ƙarshe a jerin da Tomi Adeyemi ta rubuta, ƴar Amurka ce amma iyayenta Yarabawan Najeriya ne. Na farkon, Children of Blood and Bone, ya fito a 2018, na biyu a Disambar 2019, na ukun kuma sai Yunin 2024. Ni na siyo mata na farkon a wajen masu baza tsoffin littattafai a ƙasa ta wajen Taminus tana JSS 3, kuma ban manta ranar da ta rugo kicin tana nuna min shafi tana cewa Yaya kinga harda Zariya da Sakkwato da Gombe a ciki, wai ita bata taɓa ganin sunan garuruwanmu a irin waɗannan littattafan na Turawa masu tsafi da takubba ba. Na biyun ta karanta shi lokacin kullen korona. Na ukun kuwa ya same ta tana aji biyu a jami'a.

Toh tun daga daren nan nake juya maganar a raina, sabida ba ita kaɗai ba ce, kusan duk wani jerin littafin matasa da aka yi ta rububinsa, in aka zo na ƙarshe sai masu karatu sun rabu gida biyu, wasu na kuka suna cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu wasu na cewa da sun sani da basu fara ba. Kuma ni a ganina ba wai marubutan ne suke mance yadda ake rubutu dare ɗaya ba. Aikin littafin ƙarshe ne ya sha bamban da na sauran.

Hanya mafi sauƙi da zan iya kwatanta shi ita ce adashi. Mai karatu zubi yake yi. Littafi na ɗaya ya zuba kuɗinsa da baccinsa, na biyu ya zuba zuciyarsa, ya so wannan ya tsani wancan, ya haddace sunayen mutanen da babu su a duniya, duk wannan zubi ne, kuma marubuci shine uwar adashi, yana karɓa yana cewa ku dai ku yi haƙuri ranarku na zuwa. A littafi na ɗaya da na tsakiya marubuci cin bashi kawai yake yi, ya buɗe ƙofa ya ce akwai abu a bayanta, ya nuna maka wani tabo a goshin yaro, ya ce akwai sirri game da mutuwar uwar wance, kuma cin bashi daɗi gare shi, babu wanda zai tsare ka a littafi na biyu ya ce ina amsar kaza, sai dai a ce ai yana nan tafe. Littafin ƙarshe kuwa ranar kwasa ce. Rana bata ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Babu sauran "mu haɗu a littafi na gaba".

Kuma abin da na fahimta, wanda shine ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan, gamsuwa bata rataya a kan ko ƙarshen ya yi daɗi ko ya yi ɗaci ba. Ta rataya ne a kan ko abin da ka zuba shi aka baka. In kin yi wata goma kina zuba kuɗi, ranar kwasa uwar adashi ta kawo miki atamfa mai tsada ta ce ai ta ma fi kuɗinki daraja, ko da gaskiyarta ranki sai ya ɓaci, don ba ita kika zuba ba.

Abin da ya samu Auta kenan. Littafin farko na Adeyemi tambaya ɗaya ya ɗora a gabanmu. Ƙasa ce mai suna Orisha, sarki Saran ya sa an karkashe masu baiwar tsafi a dare guda, harda mahaifiyar jarumar, Zélie, aka bar ƴaƴansu cikin ƙasƙanci ana zaginsu ana tatsarsu haraji, shekara goma sha ɗaya ana haka. Sai ga ƴar sarkin da kanta ta gudo daga fada ta haɗe da Zélie, ɗan sarkin kuma yana bin su zai kama su zuciyarsa na rawa tsakanin ubansa da gaskiya. Tambayar ita ce, wanda aka zalunta da ɗan wanda ya yi zaluncin zasu iya zama ƙasa ɗaya? In ƙarfi ya dawo hannun wanda aka danne, ramuwa zai yi ko adalci? Littafi na biyu ya ƙara zurfafa ramin, domin tsafin ya dawo amma bai dawo wa talakawan kaɗai ba, harda masu sarautar da ke da jinin a jikinsu, aka shiga yaƙin basasa, kowane ɓangare ya yi abin kunya, har waɗanda muke so ɗin. Duk wanda ya tashi a garin nan namu ya san wannan tambayar ba ta littafi ba ce kawai, mun san unguwar da a da ake shiga yanzu sai an yi tunani, mun san maƙwabcin da aka yi shekara ashirin ana miƙa wa juna abincin sallah da na kirsimeti ta katanga sannan rana ɗaya ya kwashe kayansa. Shi ya sa littafin ya kama Auta kamun da ita kanta lokacin bata iya faɗin dalilinsa ba.

Sai littafi na biyun ya ƙare da su a ɗaure cikin jirgin ruwa, na uku ya buɗe da wasu baƙin abokan gaba daga ƙetaren teku, masu rufe fuska da ƙoƙon kai na ƙarfe, da sarkinsu Baldyr da ke farautar Zélie, aka tafi wasu ƙasashe sabbi fil da sabbin mutane da sabon salon tsafi. Ni na karanta shi bayan ta, kuma ba zan ce rubutun banza ba ne, akwai wuraren da suka riƙe ni sosai, kuma na gane abin da marubuciyar ke nufi, jirgin nan da sarƙoƙin nan duk mai hankali ya san tarihin cinikin bayi take taɓowa, kuma gaskiya ne a tarihi sau da yawa ƴan gida suna tsaka da faɗa baƙo ke shigowa ya kwashe su duka. Amma dai abin da ya faru shine tambayar farko ba a amsa ta ba, tsallake ta aka yi. Mutanen da suka yi littafi biyu suna zubar da jinin juna sun haɗa kai ne don wani dodo ya taso musu daga waje, ba don sun zauna sun kalli abin da suka yi wa juna ba. Ga shi kuma na farkon ya haura shafi 500 shi kuwa na ukun ko 400 bai kai ba, ga sabuwar duniya da za a gabatar ga tsohon bashi da za a biya, dole wani ya sha ruwan tsuntsaye. Atamfa ce mai kyau, amma ba ita aka zuba ba.

Yanzu kar wani ya ɗauka ina cewa haramun ne a kawo sabon abu a littafin ƙarshe. Dubi Harry Potter, wanda nasan da yawanmu ko bamu karanta ba mun kalli fim ɗin. Littafi bakwai ne, daga 1997 zuwa 21 ga Yulin 2007 da na ƙarshen ya fito, aka sayar da kwafi kusan miliyan 11 cikin awa 24 a Amurka da Birtaniya kaɗai, kunga irin taron da ya tsaya a ƙofar uwar adashi ranar. Kuma J.K. Rowling ta kawo sabon abu a ciki, wasu kayan tsafi guda uku da bamu taɓa jin labarinsu a matsayin abu ɗaya ba, har sunan littafin ma nasu ne, kuma akwai masu ƙorafi a kan hakan har gobe. Amma ku lura da dabarar, ɗaya daga cikin ukun mayafin ɓacewa ne da ke hannun yaron tun littafi na ɗaya, ɗaya dutsen da ke kan zoben da muka gani a na shida, ɗaya kuma sandar da ke hannun shugaban makarantar duk tsawon shekarun. Wato ba daga waje aka shigo da su ba, a cikin ɗakin suke tun tuni bamu dai san darajarsu ba. Abin da ya fi taɓa ni ma shine ƴar ƙwallon zinaren nan mai fukafuki da ya cafke da bakinsa a wasansa na farko yana ɗan shekara goma sha ɗaya, abin dariya a lokacin, sai gata ta dawo a littafi na bakwai, bata buɗewa sai ya kai ta bakinsa a daidai lokacin da ya yarda zai je ya mutu. Na karanta wajen nan ina aji biyar a sakandare, littafin aro ne da bangonsa ya rabu an liƙe da salatif, kuma sai da na ajiye shi na fita tsakar gida na ɗan tsaya. Wannan shine biyan bashi da irin kuɗin da aka ci.

Duk da haka shi ma bai tsira ba. Babin ƙarshe da aka tsallaka shekara goma sha tara aka nuna kowa ya auri wanda ake zato ya haifi ƴaƴa ana raka su tashar jirgin ƙasa, mutane da yawa sun ce ya yi zaƙi da yawa bayan irin gawarwakin da aka jera. Ni kam ban ƙi shi ba, yaron da ya tashi maraya a ƙarƙashin matakalar bene abin da ya fi nema a duniya iyali ne, madubin nan na littafi na ɗaya ma abin da ya nuna masa kenan, toh an bashi. Amma na fahimci masu ƙorafin.

Maganar mutuwa kuma, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Sai kaji an ce littafin bai yi ba sabida an kashe wane. Ni ban yarda kisa ne matsalar ba. A jerin Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ba na tsafi ba ne amma ɗan gidan ne, masu karatunsu ɗaya, duk abin da ya jefa jarumar, Katniss, cikin bala'i shine ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta. Littafi uku tana shan wuya don yarinyar nan ta rayu. Sai a na ƙarshe da ya fito 2010 bam ya kashe ƙanwar, kuma alamu suka nuna daga ɓangaren da ake kira na masu gaskiya bam ɗin ya fito. Babu abin da ya kai wannan ɗaci, ni da nake da ƙanwa sai da na kwana biyu abin na cina. Amma ko kusa ban ji an cuce ni ba, domin tun shafin farko abin da labarin ke faɗa kenan, yaƙi baya barin abin da ka shiga yaƙin dominsa, kuma mai neman mulki da sunan ceto zai iya zama irin wanda ya kayar. Shi ya sa da ta ɗaga bakanta ta harbi sabuwar shugabar maimakon tsohon azzalumin, ka san daga ina kibiyar ta taso. A ɗaya gefen kuma ga littafin ƙarshe na jerin Divergent na Veronica Roth da ya fito 2013, inda jarumar kanta ta mutu, aka yi ta tada jijiyar wuya a intanet. Wasu sun ce sadaukarwa ce da ta dace da halinta tun farko, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ni abin da na lura ya fi ɓata wa mutane rai ba mutuwar ba ce ita kaɗai, kafin a kai ga mutuwar an riga an gaya musu cewa duk duniyar da suka yi littafi biyu a cikinta gwaji ne wasu ke yi daga waje, toh mutum yana jin ƙasa ta zame masa sannan kuma aka ɗauke wadda yake riƙe da hannunta.

Akwai kuma kishiyar wannan, marubucin da ya ƙaunaci mutanensa har ya kasa taɓa su. Littafin ƙarshe na Twilight a 2008 an yi ta tara mayaƙa daga ko'ina ana shirin gwabzawa da manyan masu shan jini, aka jeru a fili cikin ƙanƙara, sai aka yi magana aka watse, kusan kowa ya koma gida lafiya. Da aka zo yin fim ɗin a 2012 sai da suka ƙirƙiro yaƙin a matsayin wahayin abin da zai faru, don sun san ɗan kallo ba zai yafe ba. An yi ta girin-girin bata yi mai ba.

Mu ma fa a gida mun san wannan ciwon, ba sai mun je Turai ba. Duk wanda ya yi zamanin shagon hayar littafi ya tuna littattafan yaƙi, ƴan sirara, na ɗaya na biyu na uku na huɗu, jarumi ya ratsa dajin aljanu ya sare kan maridi, ana kaiwa daidai inda takobi ke sama sai kaga an rubuta mu haɗu a kashi na gaba, ka koma shagon kullum kana tambaya ya fito? mai shago ya ce sai an je Kano. Ranar da na ƙarshen ya zo kuma sau da yawa sai kaga bokan da aka yi littafi uku ana cewa ƙarfe baya cinsa an gama da shi a shafi ɗaya da rabi, a ɗaura aure, tammat. Yanzu kuma abin ya koma waya, marubuciya na sakin feji a guruf ɗin WhatsApp ko Wattpad masu karatu na binta da komen a take, "dan Allah Anti kar ki kashe mana shi", "wlh in bata auri wane ba na daina karantawa", ga waɗanda suka biya kuɗi suna ganin suna da haƙƙi a kan alƙalamin, ga azumi na matsowa ana so a rufe kafin a shiga. Ina tausayin marubutanmu ƙwarai a nan, don uwar adashin da masu zubi suka tsaya a kanta kowa na faɗin abin da za a bashi, da wuya ta fita kunyar kowa. Alhali tsofaffinmu sun bar mana misali mai tsafta. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, duk yawon da Alhaji Imam ya yi da duk rigimarsa da Malam Zurƙe, dalilin fitarsa ɗaya ne, a samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki a wanke wulaƙancin da aka yi wa Liman a fada, kuma da ruwan ya dawo. Ko tatsuniyar kaka ma ba a cewa ƙurunƙus sai an san makomar Gizo.

Toh amma adalci shine in faɗi ɗaya ɓangaren, domin ba kullum laifin uwar adashi ba ne. Wani lokacin mai zubin ne ya canza.

Littafin matasa yana da wata matsala da na manya bashi da ita sosai. In ka sa dattijo ɗan shekara hamsin jiran shekara huɗu da rabi, kusan mutumin da ka bari shi zaka tarar. Amma yarinyar da ta rufe littafi na biyu tana sha biyar ta buɗe na uku tana sha tara, ai ba mutum ɗaya ba ce. Tsakanin nan Auta ta rubuta WAEC da JAMB, ta yi rashin ƙawa, ta karanta littattafan da suka fi wannan nauyi, abin da a da ke sa ta ihu yanzu tana iya hango ɗinkinsa. Littafin ya tsaya yana magana da ƴar JSS 3, ita kuwa ta wuce wajen. Rowling ta ci sa'ar wannan ne don littattafanta suna girma tare da masu karatun, kowane littafi shekara ɗaya a rayuwar yaron, duhun labarin na ƙaruwa, kuma mafi tsawon jiran da ta sa mutane shekara uku ne, tsakanin na huɗu a 2000 da na biyar a 2003.

Sannan jira kansa yana da illa, Hausawa suka ce sa rai ga ci shi ke kawo jin yunwa. Shekarun nan da mai karatu ke jira ba zaune yake ba, rubuta nasa ƙarshen yake yi a ka. Auta ta riga ta yanke wa zai mutu, wa zai nemi gafarar wa, wa Zélie zata zaɓa, ita da ƙawayenta sun yi musu a kai har an yi fushi an shirya. Duk littafin da zai zo ba da littafi na biyu yake takara ba, da wanda ke cikin kanta yake yi, kuma wancan ba a taɓa kayar da shi don ba a rubuta shi ba balle a ga lam'arsa. Ƙofa a rufe kullum ta fi ɗakin da ke bayanta girma. Ko wace amsa marubuci ya bayar, ta kashe sauran amsoshi ɗari da mai karatu ke wasa da su.

Ga kuma abin da bamu cika tunawa ba, marubucin ma mutum ne. Littafin farko yawanci a ɓoye ake rubuta shi, babu mai jira babu mai matsawa, mutum ya yi shekaru yana gogewa. Na ƙarshe kuwa ana rubuta shi ne da kamfanin ɗab'i a wuya, da kwantiragi, da maganar fim, da dubban mutane na tambaya yaushe zai fito. Wani ma labarin ke fin ƙarfinsa, kaman Christopher Paolini mai Eragon da ya shirya littafi uku ya ga ba zai iya rufewa ba sai da ya ƙara na huɗu a 2011. Ni dai na fi girmama wanda ya ce bashin nan ya fi aljihuna ku ƙara min lokaci, a kan wanda ya dunƙule komai ya cusa a babi biyu.

Akwai wani abu kuma da sai daga baya na gane shi. Wani ɓacin ran da muke ɗora wa littafin ƙarshe ba na littafin ba ne sam, na rabuwa ne. Ka yi shekaru da mutanen nan, ka san yadda suke magana, yanzu an rufe, ko da an rufe da kyau sai kaji wani fili a ƙirji, kuma da yake ba a saba cewa ina kewar mutanen da babu su ba sai a ce littafin ne bai yi ba. Yadda nake bambance su a kaina shine in bar shi ya kwana biyu. In bayan sati biyu abin da ke dawo min shine fuskokinsu da wani waje da ya taɓa ni, to kewa ce, littafin ya yi aikinsa. In kuwa abin da ke dawowa tambaya ce, to ina maganar kaza, ina wane ya shiga, me ya sa aka yi ta nuna mana abu kaza in ba za a yi amfani da shi ba, to wannan bashi ne ba a biya ba.

Na gaya wa Auta haka da safe muna shan kunun gyaɗa a bakin murhu. Ta yi shiru sannan ta ce "nawa duka biyun ne Yaya, ina kewarsu kuma ina binta bashi." Kuma ina ganin ta fi ni gaskiya, don a kan wannan jerin dai hukuncina kenan, wanda ya zo don ya ga ƙarfin Zélie ya kai maƙura da yaƙi da sabbin ƙasashe zai tashi da ƙoshi, wanda kuma ya zo don tambayar da aka fara da ita, ta yadda ƴan ƙasa ɗaya zasu kalli juna bayan jini ya shiga tsakani, zai tashi da sauran yunwa, ni ina cikin na biyun.

Bayan sallah ƙarama ɗan maƙwabtanmu da ke SS 1 ya zo aron littafi, Auta ta haɗa masa duka ukun a leda ɗaya. Kwana goma sha biyu ya dawo da su, ko zama bai yi ba ya fara zuba, wai na ukun ne ma ya fi masa daɗi, jirgin ruwan nan da yadda suka ƙwace kansu, wai bai taɓa karanta abu mai gudu haka ba. Shi bai jira ko kwana ɗaya tsakanin na biyu da na uku ba, ya rufe wannan da la'asar ya buɗe wancan bayan isha'i. Auta ta tsaya tana kallonsa, ta tambaye shi to maganar yaƙin da ke tsakaninsu fa, bai dame ka ba da aka barta haka? Ya ce "Anti ai sun shirya, ba gashi sun yi yaƙi tare ba." Ta karɓi ledar ta shiga ɗaki, da daddare na leƙa na ganta da na ɗayan a hannu ta koma shafin farko, ta ce min so take ta bi su a jere ba tsayawa ta gani ko ita ce ta yi nisa ko littafin ne ya kauce, yanzu haka tana tsakiyar na biyu.